Asabar Ba Ranar Kwanciya Ba Ce

Ina gode wa Edita da ya ba ni fili a wannan mujalla tamu, don in faɗi wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta yadda muke ɓad da ranar Asabar a wannan kwaleji. Duk wanda ya zaga ɗakunan kwana da hantsin Asabar ya san abin da zai tarar. Samari majiya ƙarfi, waɗanda ko wannensu ya isa ya yi kunya ɗari a gona kafin rana ta take, suna kwance bisa gadaje, kowa ya ƙura wa wayarsa ido, ba mai ce wa wani kanzil. In an tashi sai wajen cin abinci, sa'an nan a koma a miƙe. Wajen 'yan mata ma, in ji waɗanda suka sani, labarin bai sake ba, sai dai kitso da ya ƙaru. Haka rana za ta faɗi, Lahadi ta wuce, Litinin ta zo, ka ji mutum yana kukan gajiya, alhali kuwa ko tsinke bai ɗaga ba.

To, ni ra'ayina shi ne, ya kamata ko wane ɗalibi mai koyon aikin malanta ya ware Asabar ɗaya cikin ko wane wata, ya tashi da sassafe tare da aminansa huɗu ko biyar, su fita da ƙafa, su hau dutse ko su bi rafi, su yini a waje, su komo kafin la'asar ta yi sanyi. Na sani wasu za su yi dariya, su ce ai wannan yawon banza ne. Ku dakata tukuna ku ji dalilaina, in kun ji sai ku yanke mini hukunci.

Bari mu fara da lissafi, tun da yake malamai za mu zama. Karatun NCE shekara 3 ne, watau zango 6, ko wane zango kuwa wajen mako 15. Ashe ke nan ko wannenmu yana da Asabar wajen 90 a hannunsa kafin ya karɓi takardarsa. In mutum ya ba da ɗaya cikin huɗu ga abin da nake faɗi, ya sami fita 20 da 'yan kai, sauran fiye da 60 kuma suna nan nasa, ya yi wanki, ya yi bitar karatu, ya yi barcinsa. Don haka kada wani ya ce na zo raba shi da littafi. Abin da ya sa kuma na zaɓi Asabar, Jumma'a akwai lacca, akwai masallaci, Lahadi akwai coci. Asabar ce kaɗai ranar da ba wanda zai ce wa ɗan'uwansa yau ba ni da hali.

Dalili na farko shi ne lafiyar jiki. Aikin malami aikin tsayuwa ne. Wanda zai tsaya gaban yara sittin ko saba'in tun daga ƙarfe takwas har azahar, yana magana, yana rubutu a allo, yana raba faɗa, lalle sai da ƙwarin jiki. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a ko wane mako, irin motsin da ke sa numfashi ya ɗan ƙaru, kamar tafiya da sauri. A 2024 kuma ta bayyana cewa a ƙididdigar 2022, mutum 31 cikin 100 na manyan duniya ba su cika wannan ma'auni. Abin da ke biyo bayan zaman dirshan kuwa mun san shi a gidajenmu: hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya. Mai tafiya da ƙafa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan ci kilomita 5 a sa'a guda. Tafiyar sa'a huɗu minti 240 ke nan, watau a yini ɗaya an cika ma'aunin mako. Ban ce wannan ya wadatar da wata guda ba. Amma abin da na lura shi ne, wanda ya san akwai dutse yana jiransa ƙarshen wata, shi ne za ka ga ya fara zagaya filin ƙwallo da yamma, don kada abokansa su bar shi a baya. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Dalili na biyu shi ne ilmi. Yawancinmu ƙauye za a tura mu, inda ba ɗakin gwaje-gwaje, ba taswira a bango, wani wurin ma alli sai malami ya saya da kuɗinsa. Me za ka koyar da shi? Da abin da ke bayan aji. Amma yaya za ka nuna wa yaro abin da kai kanka ba ka taɓa tsayawa ka duba ba?

Ku dubi wannan ƙasa ta Filato da Allah Ya zaunar da mu a kanta. Birnin Jos yana bisa tudu mai tsayin mita wajen 1,200 daga bakin teku, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa ta zarce mita 1,800. A aji an gaya mana cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da digiri 6 da rabi ko kusa da haka. Mun rubuta, mun haddace, mun ci jarrabawa. Amma ɗalibin da ya hau dutse da ƙafarsa, ya iso sama sharkaf da gumi, iska ta buge shi har ya nemi rigar sanyi da tsakar rana, wannan ba zai sake mantawa ba, kuma ran da ya tsaya gaban yara zai yi magana da muryar wanda ya gani. Gani ya kori ji.

Haka kuma ruwan saman da ke zuba bisa wannan tudu hanya uku yake rabuwa. Wani ya bi kogin Kaduna ya je ya faɗa Kwara. Wani ya bi Gongola, ya yi dogon zagaye, ya sadu da Binuwai a Numan. Na Dilimi kuwa, wanda ke ratsa Jos, arewa maso gabas ya nufa, ya bi ta Jama'are da Yobe yana neman Tafkin Chadi. Ga tsaunukan Kerang wajen Mangu, waɗanda a zamanin da can suka yi aman wuta, yanzu sun mutu, ƙasar gindinsu ta zama ta noma. Ga dutsen Riyom da duwatsunsa ke ɗore bisa juna kamar da hannu aka jera su. Ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Ga gonaki hawa-hawa da kakannin mutanen nan suka tokare da duwatsu a jikin tsauni, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ga shingen ƙerana kewaye da gidaje, ga acca, ga dankalin Turawa. Duk wannan littafin labarin ƙasa ne a buɗe, ba a biyan ko kwabo, mu kuwa mun juya masa baya muna kallon ƙasashen wasu a cikin waya.

Akwai wani labari da ya kamata ko wane malami a ƙasar nan ya sani. Wajen shekarar 1943 aka tono wani kan mutum na yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, aka kai shi gonar doya aka kafa don korar tsuntsaye. Sai da ya faɗa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki mai ilmin kayan tarihi, sa'an nan aka gane ɗan'uwan waɗanda aka fara samu ne a ƙauyen Nok a 1928, aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Shi ne kuma ya tsaya har aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Mutane nawa suka wuce ta gefen gonar nan ba su ga kome ba sai abin tsorata tsuntsu? Ido ma sai an koya masa gani, kuma ba a koya masa a kan gado.

Dalili na uku, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, shi ne zumunci. Ku lura, na ce aminai huɗu ko biyar. Ban ce yawon buɗe ido irin na sashe ba, wanda ake cika mota da mutum hamsin, a sauka a ɗauki hoto, a saurari jawabi, a komo. Wannan yana da nasa amfani, amma a cikin taro mutum yakan ɓoye halinsa. In kuna biyar a kan hanya, ba wurin ɓuya. Nan za a san mai rowa da mai kyauta, domin ruwa zai ƙare wa wani. Nan za a san mai haƙuri, domin dole wani ya gaji kafin saura. Nan za a san wanda in an ɓata hanya zai nemi mafita, da wanda zai tsaya neman mai laifi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A watan Nuwamban bara mu biyar muka fita. Akwai mutumin Pankshin, akwai na Barikin Ladi, akwai na Wase, akwai wanda ya zo daga Jihar Binuwai, sai ni. Biyu cikinmu Musulmi, uku Kirista. Muka tashi ƙarfe shida da rabi, raɓa ba ta bushe ba. A wani ƙauye gindin dutse muka tarad da wani dattijo da iyalinsa suna sussukar acca. Ɗayanmu da ke jin harshensu ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya yi murna, ya ce, “'Ya'yana, ku bi ta hagun, ta dama akwai santsi.” Ya haɗa mu da jikansa ya raka mu har inda hanya ta miƙe. Da muka ci rabin hawa, ɗan'uwanmu na Binuwai, wanda bai saba da tudu ba, numfashinsa ya fara sarƙewa. Ba wanda ya ce kome, sai na Wase ya sa hannu ya karɓi jakarsa ya haɗa da tasa, muka rage sauri. Da azahar ta yi muna sama, masu salla suka yi alwala da ruwan da aka rage musu daga gorunan kowa, sauran suka zauna gefe suka yi shiru har aka idar. Sa'an nan muka baje ƙuli-ƙuli da ayaba da burodi bisa falalen dutse, muka ci, muka yi taɗi irin wanda ba mu taɓa yi ba a ɗaki, na iyayenmu, da bashin kuɗin makaranta, da tsoron inda za a tura mu. Muka sauko, ƙarfe huɗu ta same mu a ƙofar kwaleji.

Wani zai ce, to, mene ne abin labari a nan? Ni kuwa na ce, duk wanda ya san abin da ya auku a Jos a 2001, da 2008, da 2010, ya kuma ga yadda unguwanni suka rabu bayan haka, har aka sami yaran da suka girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu ne za a danƙa wa 'ya'yan waɗannan unguwanni. Malamin da bai taɓa shan ruwa gora ɗaya da wanda ba yarensu ɗaya ba, da wane baki zai gaya wa yara su zauna lafiya da juna? Zai faɗa dai don yana cikin manhaja, yara kuwa sun fi kowa gane maganar da ba ta kai zuci ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ni na ɗauki wannan karin magana a kan zahirinta.

Kada kuma a ɗauka wannan dabara sabuwa ce. Tun a 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe wata makaranta a bakin teku, a wurin da ake kira Man O' War Bay kusa da Victoria, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Aka riƙa tara samari daga sassa dabam-dabam na Nijeriya da Kamaru, cikinsu har da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, a haɗa su ƙungiya-ƙungiya, su hau dutse, su tuƙa jirgin ruwa, su yi aikin gayya a ƙauyuka. Manufar ita ce wanda zai shugabanci mutane ya fara sanin kansa, ya kuma iya dogara ga wanda ba ɗan garinsu ba. Daga baya makarantar ta dawo Nijeriya, ta zama cibiyar horon zama ɗan ƙasa da shugabanci, reshenta na hawan dutse kuwa a Shere yake. Mutane suna tasowa daga Ikko da Fatakwal su zo su sha wahalar duwatsun nan da gangan. Mu da muke kwana muna tashi a gindinsu, ko kai ba mu ɗagawa mu dube su.

Yanzu bari in amsa wa masu suka, don na san suna da abin faɗi.

Na farko zai ce, hawan dutse ba dalili ai al'adar Turawa ce, mu mun sha tafiyar ƙasa tun muna yara. Gaskiya ne, iyayenmu ba su bukaci wani ya ce musu su motsa jiki ba, domin gona da kasuwa da rafi sun ishe su. Amma kai da kake faɗin haka, yaushe rabonka da tafiyar kilomita 10? Daga ɗaki zuwa bakin titi ma acaɓa kake nema. Abin da rayuwa ta ba iyayenmu tilas, mu sai mun neme shi da kanmu.

Na biyu zai ce ba kuɗi. Wannan ita ce sukar da ta fi rauni. Abin da ake bukata shi ne takalmi mai kama ƙasa, da gorar ruwa, da abincin da ko kana ɗaki za ka ci. Kuɗin da ake zubawa a waya cikin Asabar ɗaya ya isa guzurin mutum biyu.

Na uku zai ce ba tsaro. Wannan kam magana ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Akwai wuraren da hankali ba zai bar mutum ya je ba, akwai kuma lokutan da ko kusa ma sai a haƙura. Amma maganin wannan shi ne tambaya da tsari. Kafin a fita a shawarci jami'in tsaron kwaleji, a kuma ji ta bakin ɗalibai 'yan yankin. A zaɓi wurin da ke kusa da gari, inda manoma ke kai da komo. In an ce kada a je, kada a je, a sake wuri. Matambayi ba ya ɓata. In kuwa muka ce tsoro zai kulle mu a ɗaki shekara uku, to, ran da aka miƙa mana takardar zuwa ƙauyen da ba mu taɓa jin sunansa ba, ina za mu sa kanmu?

Na huɗu zai ce wannan na maza ne. Ina roƙonsa ya tsaya bakin hanya ranar kasuwa, ya dubi waɗanda ke saukowa daga kan duwatsu da kaya a ka da goyo a baya, sa'an nan ya zo mu yi magana. 'Yan'uwanmu mata su ma malamai za su zama, su ma ƙauye za a tura su. Su haɗa tasu ƙungiya, su nemi wata malama ta raka su in sun ga ya fi musu kwanciyar rai.

Ga waɗanda suka yarda da ni, ga 'yan shawarwari. Ku tashi da wuri, kafin ƙarfe bakwai, don ku gama hawa rana ba ta yi zafi ba. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2. Ku rubuta sunayenku da inda za ku da lokacin komowa, ku bar wa mai kula da ɗakin kwana. In kun isa ƙauye ku fara gai da mai unguwa ko dagaci, ku faɗi ko ku su wane ne, ku tambayi inda ba a takawa, domin wasu duwatsu da kurmi suna da alfarma wurin masu su. Kada ku ratsa gonar mutane, kada ku tsinki abin da ba ku shuka ba, kada ku bar leda ko gora a baya. Da damina ku sauko kafin hadarin yamma ya haɗu, saman dutse ba wurin tsayawa ba ne in ana tsawa. Kome zafin rana kada wanda ya faɗa kududdufin kuza da sunan wanka, zurfinsu ba a ganinsa daga sama, sun kuwa ci rayuka. Wanda ya fi kowa rauni shi ne ma'aunin saurinku, a sa shi gaba, mai ƙarfi ya tsaya baya. Kowa kuma ya riƙe ɗan littafi da fensir, ya rubuta abu uku da ya gani waɗanda zai iya koyar da yaro da su. Waya kuwa a cika ta da caji saboda larura, amma ta zauna cikin jaka.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga hukumar kwaleji. Ba mota muke nema ba, ba kuɗi ba. Abu biyu ne kurum. Na ɗaya, a rage ɗora laccar cike gurbi a ko wace Asabar, a bar mana ko da ɗaya a wata wadda kowa ya san tasa ce. Na biyu, malamanmu na labarin ƙasa da na wasannin motsa jiki su taimaka su zana mana hanyoyi uku ko huɗu na kusa waɗanda aka tabbatar da lafiyarsu, a manna a allon sanarwa, a riƙa sabunta su in hali ya sake. Sauran aikin namu ne.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, shekara ukun nan kamar yau za su wuce, a watsa mu, wani Langtang, wani Lafiya, wani Gembu, wataƙila ba za mu sake haɗuwa mu biyar wuri ɗaya ba har abada. Kafin wannan rana ta zo, kowa ya dubi aminansa a daren Jumma'ar nan, ya ce musu gobe da asuba a ɗaura takalmi. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, ga fili nan, Edita ba zai hana shi ba, ya rubuto mu ji nasa dalili.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.